Shin yatsa da fuska sun fi lambar sirri tsaro?

Malam Habu: Salamu alaikum. Jiya na ce kulle asusu da zanen yatsa ko fuska ya fi lambar sirri tsaro, aka yi mini ca. Har yanzu ina kan bakana. Lamba ana mantawa, ana leƙenta ta bayan mutum, amma yatsanka yana jikinka.

Hajiya Rabi: Wa'alaikumus salam, Malam. Yatsan yana jikinka, amma hotonsa yana rumbun wasu. A 2015 masu kutse sun shiga hukumar kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka, suka kwashe zanen yatsun mutum miliyan 5.6. In an sace lambarka, nan take ka sake wata. Wanda aka sace zanen yatsansa fa, me zai sake?

Nasiru: Hajiya, a yi wa Malam adalci. A waya irin iPhone zanen ba ya barin cikinta. Haɗarin yana wajen masu tara na miliyoyin mutane wuri ɗaya.

Malam Habu: Yawwa, Nasiru.

Hajiya Rabi: To fuska fa, ɗana? Kamfanin Clearview AI, mai manhajar gane fuska, ya kwashi hotuna sama da biliyan 3 daga Facebook da sauran shafuka, ba wanda aka nemi izininsa. Kuma a 2020 'yan sandan birnin Detroit na Amurka sun kama wani baƙar fata a gaban matarsa da 'ya'yansa, ya kwana a tsare, don kawai na'ura ta ce ya yi kama da ɓarawo. Ba shi ba ne.

Zainab: Ni abin har gida ya iske mu. Kwanakin baya aka kira Ummanmu da muryar yayanmu, har yadda yake jan "Umma" in yana cikin damuwa. Wai ya yi hatsari, a turo kuɗi yanzu-yanzu. Hannunta na rawa ta miƙo mini wayar, wallahi ni ma na yarda shi ne. Allah ya taimaka ƙanena ya kira ainihin lambarsa, ashe yana wurin aiki lafiya lau. Yana yawan saka bidiyo a intanet, muna zargin daga nan suka ɗauki muryar.

Nasiru: Allah ya ƙara tsarewa, Anti. Ko manya ba su tsira ba. A 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da shugaban sashen kuɗi da abokan aikinsa. Dukkansu na bogi ne, ƙirƙirarriyar basira (AI) ce ta kwaikwayi fuskokinsu da muryoyinsu.

Malam Habu: Murya da fuska kam na janye, Zainab, labarinki ya girgiza ni. Amma yatsa a wayata yana nan, ba zan cire ba.

Hajiya Rabi: Na wayarka ba ni da ja, Malam. Wurare nawa ka dangwala yatsa ban da ita, kuma wa ke riƙe da su yanzu?