Abin da na tsinta kan zane da fentin ruwa

Jiya a Samaru na tambayi wasu ɗaliban zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta ina ɗan koyo zai fara. Bakinsu ya zo ɗaya kan takarda: a nemi mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, domin ta littafi da ta sha ruwa sai ta yamutse. Haka tawa ta yi kuwa. A fara shafa launi mai haske, ya bushe sarai, sannan mai duhu. Inda ake son fari, kar buroshi ya taɓa.

Wata ta ce a fara da zana mangwaro ɗaya tukuna, babban abu irin Ƙofar Doka ta birnin Zariya sai hannu ya faɗa. Kan amfani da waya aka yi gardama; ni dai ina bayan masu gwada haɗin launi a ibisPaint, manhajar zane ta waya, kafin su jiƙa takarda.