Waɗanda suka taɓa yawo da kwana a mota lokacin damina, ku ba mu labari

Baban Ummi, Gombe:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da wata Hiace da na cire mata kujerun baya, kafinta ya yi mini gadon katako, ƙarƙashinsa wurin jarkoki da tukunyar gas. Niyyata a hutun yara na watan Agusta mu fara da Dadin Kowa, mu hau Tula, sannan mu bi ta Numan da Jalingo zuwa Mambila. In Allah ya kai mu baɗi, har bakin teku. Marka ce damuwata. Wanda ya taɓa yi, don Allah ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Malam na Deba:
Wa alaikumus salam. Mun kwana biyu kusa da madatsar Dadin Kowa, ni da ƙannena. Da azahar rana tas, kana hango Dutsen Bima kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Kafin la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Iskar da ke biyo kan ruwa ba irin ta cikin gari ba ce, babu gini ko ɗaya da zai tare ta. Tamfol ɗin da muka ɗaura a jikin mota ya yage, tukunyar shinkafa ta kife. Kada ka ajiye mota a gangare kusa da ruwa, komai kyan wurin. A ƙarshen damina akan saki ruwan madatsar, Kogin Gongola ya cika ta ƙasa. Mu masunta ne suka nuna mana tudun da muka koma. Sai sauro: ka ɗinka raga a tagogi tun daga gida.

Direban Jekadafari:
Alhaji, ni kan Mambila zan yi magana, don sau uku na hau, biyu da damina. Daga Jalingo za ka bi Bali, ka wuce Serti inda ofishin gandun Gashaka Gumti yake, sai Mayo Selbe a gindin dutse. Har nan zafi ne, gumi kake yi. Daga nan hawa ya fara, kwana bayan kwana, gefe guda dutse gefe guda kwazazzabo. Tafiyata ta biyu mun fara hawa wajen ƙarfe huɗu sama garau, ba mu kai rabi ba hazo ya rufe mu, ko motar da ke gabana ba na gani sai jan fitilarta. Ga ruwa yana gangaro da jar ƙasa kan kwalta. A giyar mota lamba ɗaya da biyu na ƙarasa, bakina bai bar salati ba har Maisamari. Tun daga ranar, in la'asar ta same ni a Serti, nan nake kwana in hau da safe.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Ka bar giya ta riƙe motar. Na ga wanda ya dinga taka birki har ya ɗau zafi ya daina kamawa, Allah ne ya tsare.

Sanyi kuma kada ka raina shi. Tudun ya kai kimanin mita 1,600, a Nguroje da asuba ruwan alwala sai ka ɗumama. Mun rufe gilasai ruf saboda yara, muka tashi rufin motar yana ɗiga daga numfashinmu, barguna sun yi danshi. Ka bar ƴar kafa a taga biyu. Kuma don girman Allah kada a kunna gas ko gawayi a cikin mota a rufe don jin ɗumi, hayaƙinsa yana kashe mutum yana barci. Duk da haka, ranar da hazo ya yaye muka ga gonakin shayi na Kakara da shanu a kan tuddai kore shar, matata cewa ta yi wahalar ta biya.

Maman ƴan biyu, Bauchi:
Baban Ummi, ka tambayi uwargida kafin ka yanke. Mu Yankari muka je a Agusta. Ruwan Wikki yana nan da ɗuminsa, digiri 31 ko ana ruwa ko ba a yi, yara sun yi wanka ana yayyafi. Amma ciyawa ta yi tsawo, dabbobi sun watsu cikin daji saboda ko'ina akwai ruwan sha, giwa ko ɗaya ba mu gani ba. Birai kuwa, ka bar ƙofa a buɗe minti ɗaya sun ɗauke burodi. Abin da ya fi wahalar da ni wanki ne: kwana uku kayan yara ba su bushe ba, motar duk warin danshi. Ga maganar bayan gida cikin dare ana ruwa, wadda maza ba sa sa ta a lissafi. Dare na biyu ɗaki muka kama.

Ɗan Kaltungo:
Ni dai ban ga dalilin tafiya a Agusta ba, yallaɓai. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba duwatsun Tula suna nan kore, hanya ta bushe, ƙurar hunturu ba ta sauko ba. In ka zo, ka fara gaida mai unguwa ya nuna maka inda za ka kwana. Kada ka tsaya a daji kai kaɗai.

Direban Jekadafari:
Gaskiyarka, amma a Nuwamba yara suna makaranta. Shi ya sa nake cewa ya ƙara kwana biyu a lissafinsa na zaman jiran ruwa.

Kawun Sadiq, Azare:
Bakin teku na taɓa zuwa, Badagiri, a watan Yuni. Can ba sanyi ne matsala ba, gumi ne, ka rufe mota ka dahu, ka buɗe ruwa ya shigo. Na matsa da motar kan yashi don yara su ga teku da kyau, tayoyi suka nutse, ruwan kuma yana ƙara matsowa. Samari shida suka tura mu bayan mun rage iskar taya. Da ka dawo ka wanke ƙarƙashin motar sosai, iskar gishiri tana jawo tsatsa.

Baban Ummi, Gombe:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Maman Ummi, ta ce maganar Hajiya ta Bauchi ita ce tata. Mun tsayar da Dadin Kowa da Tula a Agusta, tunda gida na kusa in ruwa ya matsa. Mambila sai hutun Disamba. Direban Jekadafari, a Disamba bargo nawa zan ɗauka wa mutum biyar, kuma akwai inda ake cika gas bayan Jalingo?