Ina da juna biyu, kifin Wasai muke ci, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikina wata biyar, kuma tun da ya shiga babu abin da nake marmari kamar farfesun tarwaɗa. Maigida yakan sayo mana a wajen masuntan dam ɗin Wasai da ke nan Kano saboda ya fi araha. Jiya a wajen awo wata ta ce min ruwan kogin Jakara da dattin masana'antun unguwar Bompai can suke gangarawa, kifin yana ɗauke da guba. Hankalina ya tashi. Idan na dafa shi ya dahu luguf, gubar ba za ta mutu ba?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki 'yar uwa, amma dai ki dakata da na wurin. Gaskiya ta faɗa miki. Je ki ga kalar ruwan Jakara da rani, baƙi ƙirin, ga wari.

Anti Nas: Ƙanwata, wuta ƙwayoyin cuta take kashewa. Dalma da zaiba da sinadarin kuromiyam da ake jeme fata da shi ƙarfe ne, ko soya kifin kika yi, ko banda aka yi, suna nan daram. Dalma ta fi taruwa a hanta da ƙashi da jan abin nan na ƙarƙashin kunnen kifi, don haka a cire kayan ciki da kai a zubar. Ita kuwa zaiba cikin tsoka take shiga, wanki ba ya fitar da ita, kuma tana ratsa mahaifa ta taɓa ƙwaƙwalwar jariri. A Minamata ta Japan, inda aka gano cutar da gubar zaiba ke jawowa a 1956, an samu uwayen da ba su nuna alamar komai ba suka haifi yara da naƙasa. Kar ki daina cin kifi gaba ɗaya, jaririn yana buƙatarsa. Ranar awo ki faɗa wa likita tsawon lokacin da kika yi kina ci, shi zai duba ko akwai buƙatar gwajin jini.

Jikar Masunta: A gidan masunta na tashi. Kifin da ya tsufa kuma yake cin 'yan uwansa, irin giwan ruwa da ƙatuwar tarwaɗa, shi ya fi tara zaiba. Ƙananan karfasa sun fi sauƙi. Kuma ido ba ya ganewa, sai ki ga kifi ɓul-ɓul yana sheƙi alhali da gubar a jikinsa.

Hajiya Babba: 'Yata, mu 'yan Zamfara mun ga aikin dalma a 2010, yara sama da 400 aka binne a ƙauyukan da ake haƙar zinare. Ba ta kifi ta zo ba, amma gubar ɗaya ce. Ki lallaɓa maigidanki ya koma sayen na kiwo, ya kuma tambaya ko da ruwan rijiyar burtsatse ake kiwonsa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ragowar da ke cikin firji fa, in ba yara?

Anti Nas: A'a, yara ƙanana su ma an fi ji musu tsoro. Ki zubar kawai.