Kakar inabin giya ta 2021 a yankin Bordeaux na Faransa: abin da aka gani a gona da abin da ya fito a tanki

Mai lura da gona a Entre-deux-Mers, wani sashe na Bordeaux: Jama'a, a ganina tun watan Maris aka fara yin asarar shekarar 2021. Ƙarshen watan ya yi ɗumi, kurangar Merlot, wani irin jan inabi, ta yi toho da wuri, sai ga sanyi daren 6 zuwa 8 ga Afrilu. Toho ɗanye ba ya jure digiri 2 ƙasa da sifili, kafin hantsi ya yi baƙi. Kyandir ɗin gwangwani da ake kunnawa a gona don korar sanyi, 300 zuwa 400 a hekta, digiri biyu ko uku kawai yake ƙarawa. Babbar fanka kuwa sai in akwai iska mai ɗumi a sama da za ta turo ƙasa. Gonakin kwari sun fi shan wuya, don can iska mai sanyi take kwanciya.

Ma'aikaci a Médoc, arewacin birnin Bordeaux: Haka ne Malam, amma ba ko'ina ba. Gonakin garuruwan Pauillac da Saint-Julien da ke kallon kogin Gironde kusan sun tsira, ruwan yana riƙe ɗumi. Irin inabin Cabernet Sauvignon ma ba ya saurin toho. Yankunan Graves da Sauternes ne suka ji jiki sosai.

Mai feshi: Ni funfuna ta fi damuna, ba sanyi ba. Mayu ruwa da sanyi, ƙarshen Yuni ruwa kamar da bakin ƙwarya ga ɗumi, Yuli ba rana. Ƙa'idar da muke bi ita ce goma uku: zafi digiri 10, ruwan sama milimita 10, reshe ya kai santimita 10, to cuta ta samu ƙofa. Alamar farko tabo ne kamar na mai a saman ganye, ƙasansa farin gari. In ta shiga 'ya'yan, sai su yi ruwan ƙasa su bushe. Maganin jan ƙarfe kariya yake yi, ba ya warkarwa, kuma ruwan milimita 20 ya isa ya wanke shi. Dokar Tarayyar Turai ta tsayar da kilo 28 na jan ƙarfe a hekta cikin shekara bakwai, wato kilo 4 a shekara, dole a riƙa fesa kaɗan-kaɗan, gram 200 zuwa 400 kowane zagaye. Babbar matsalar ita ce ƙasar laka: bayan ruwa tarakta ba ta shiga, kwana biyu na jira kuma ya isa a rasa rabin gona. Wanda ba shi da ma'aikata ranar Lahadi ya gani a kwandonsa.

Mai tsinka: Ƙari a kan na Yaya: furen Merlot ya kakkaɓe a wurare da dama, a nonon inabi ɗaya za ka ga manyan 'ya'ya da ƙanana kore. Shi ya sa tsince a kan tebur ya ci lokaci.

Ma'aikaci a Médoc: Merlot an fara yankansa a makon ƙarshe na Satumba, 'ya'yan sun sha ruwa sun kumbura, zaƙin bai taru ba. Da aka yi hasashen ruwa mai yawa farkon Oktoba, wasu suka kwashe komai don tsoron ruɓa. Waɗanda suka daure suka bar Cabernet zuwa tsakiyar wata sun samu rana da dare mai sanyi, ƙwayar ta nuna, warin ɗanyen tattasai ya tafi. Mai tsakuwa a gona shi ya iya jira, don ruwa ba ya kwana a gindin kurangarsa.

Mai kula da tanki: Gidaje da yawa sun ƙara sukari kafin ruwan inabin ya fara tsima, abin da aka daɗe ba a yi ba. Kusan gram 17 a lita ke ba da kashi ɗaya cikin ɗari na barasa. Yawanci an tsaya wajen kashi 13 cikin ɗari, alhali 2018 zuwa 2020 ana haura 14. Tsami ya fi yawa, jiki bai yi kauri ba. Kuskuren da na fi gani shi ne yawan juya ɓawo a tanki don neman launi: ƙwayar da ba ta nuna ba bauri take saki, ganga sabuwa kuma ba ta ɓoye shi. Waɗanda suka rage zafin tanki zuwa digiri 25 ko 26, suka rage kason Merlot a haɗin giyar, su ne giyarsu ta fito da ƙamshin jajayen 'ya'yan itace ba ɗaci.