Riyal dubu 30 a kamfanin renon dabino cikin kwalba: in saka ko in haƙura?

Ɗan Jidda: Assalamu alaikum. Shekara 6 ina tuƙi na tara riyal dubu 30. Wani yaro da ya karanta aikin gona ya kafa ƙaramin kamfani shi da abokinsa Basa'ude, suna yanko tsokar zuciyar dabino su raine ta cikin kwalba har ta ba da ɗaruruwan dashe. Sun ce in saka, su ba ni kashi 3 cikin ɗari, amma ba riba sai bayan shekara 5 ko ranar da manyan masu zuba jari suka shigo. Tambayata: in sun shigo, kasona yana nan ko zai ragu?

Hajiyar Misfala: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka sayi zinari ka kwanta.

Mai Lissafi: Zai ragu. Duk sanda aka karɓi sabon kuɗi, sabbin hannun jari ake bugawa, ukunka ta koma biyu. Masu irin wannan jari kamfani goma suke sa wa kuɗi, sun san yawanci za su mutu, ɗaya ya biya asarar sauran. Red Sea Farms da ta fito daga jami'ar KAUST ta Thuwal ta samu dala miliyan 10 a 2021, har da kuɗin Wa'ed, reshen zuba jari na kamfanin mai Aramco. Su manyan masu jari asara ba ta hana su barci. Kai fa?

Baba na Ƙasim: Ku bar lissafin takarda. Ni na yi wa mai gona aiki kusa da Buraida, muka haɗa kuɗi da shi muka sayi dashen dabino irin Barhi na kwalba guda 200. Shekara 5 ina ban ruwa, ina taki, ina faɗa da jan ƙwaron nan mai cin zuciyar dabino. Da suka fara haihuwa muka yi barbara yadda aka saba, sai ga 'ya'ya ƙanana marasa ƙwallo, shis ake ce musu a nan, ko awaki sai sun yi yunwa. Kusan rabi haka. Muka koma wurin masu dashen, an rufe, lambar ba ta shiga. Abin da ya fi ci mini rai, a kwalba duk kore ne shar, ba ka gane na banza sai ya cinye maka shekaru. Mai gonar ya ce ƙaddara, ni kuwa kuɗin aurar da 'yata ne.

Mai Lissafi: Allah ya mayar da alheri, Baba, amma kai dashe ka saya, shi kamfani zai shiga.

Baba na Ƙasim: Yaro, ka taɓa hawa dabino?

Abu Yara: Nawa kuka saya, Baba? Ni riyal 150 aka ce mini ɗaya.

Baba na Ƙasim: 350 muka biya.

Ɗan Madina: An cuce ku duka, na ga na 80.

Abu Yara: Wannan ai sai dai in na roba ne, irin na ƙofar otal.

Ɗan Jidda: Jama'a, maganar kasona fa?

Hajiyar Misfala: Sunan wa ke takardar kamfanin? In na Basa'uden ne kawai, ba ka da kaso, addu'a kake da ita. Kuma ka kiyayi tasattur, wato baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye da sunan ɗan ƙasa, hukuncinsa yana kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5.

Mai Lissafi: Hajiya, ba duk haɗin gwiwa ne tasattur ba. Ya ga lauya kafin ya sa hannu.

Hajiyar Misfala: Shekarata 40 a Makka, ba lauya ne zai koya mini ba.

Abu Yara: Ni mamakina wanda ya iya tara dubu 30 a wannan zamani. Kuɗin iyali da gwamnatin Saudiyya ke karɓa a wurin baƙi, da aka fara da riyal 100 a 2017, yanzu 400 ne kowane kai duk wata. Mata da yara huɗu, dubu 2 ke nan kafin haya.

Ɗan Madina: Shi ya sa na mayar da nawa Kano bara. Iƙamar ma, wato takardar izinin zama, kafilina ya ce ni zan biya. Akwai wanda nasa ke biya masa kuwa?