Kai yara ƙanana fatsa a madatsar Tiga: ina neman shawara

Baban Sadiku, Kano:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san ruwa da waɗanda suka taɓa kai yara irin wannan fita. Yarana uku ne: babban yana da shekara 10, ƙanwarsa 7, autan kuma 4. Tun ranar da babban ya ga wasu samari suna fatsa a hanyarmu ta dawowa daga Rano bai bar ni na huta ba, kullum maganarsa ita ce yaushe zai kama kifi da hannunsa. Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani masunci a Tiga, wanda ya ce zai ɗauke mu a kwale-kwalensa na kamar awa uku, ya bi da mu kusa da gaɓa, ya koya wa yaran jefa ƙugiya. Niyyata mu je a hutun Disamba.

Mahaifiyarsu ba ta amince ba, kuma ban ga laifinta ba, domin haɗarin jirgin ruwan da ya faru a Bagwai bai fita daga zuciyarta ba. Ni kaina ban iya iyo ba. Shin autan ya isa shiga jirgi? Awa uku ba ta yi yawa ba? Kuma me ya kamata in tambayi mai jirgin kafin in damƙa masa 'ya'yana?

Hajiya Maman Ummi, Zariya:

Wa alaikumus salam. Malam, ina bayan uwargidanka. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 ne jirgin nan ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, ɗauke da mutanen ƙauyen Badau da za su Mauludi, aka rasa aƙalla rayuka 29, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. Allah ya ji ƙansu. Iyayen yaran nan ba sakarci ne ya sa suka bar su shiga ba, jirgi ne da aka saba hawa kullum, sai dai a ranar an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa.

Ka duba lissafinka da kyau: yara uku, hannunka biyu, kuma ba ka iya iyo ba. Idan wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, mai jirgi shi kaɗai ne zai yi ceton mutum huɗu. Shawarata ita ce ku je Tiga ɗin, ku sami wuri a bakin ruwa, masuncin ya koya musu fatsa ƙafarsu tana ƙasa. Yaro kifi yake so ya gani a ƙugiyarsa, bai damu da daga ina aka jefa ta ba.

Ɗan Sarkawa, Yawuri:

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan lissafi, amma ina roƙon ta bar ni in ƙara wani abu, domin a cikin jirgi na tashi, kuma 'ya'yana da jikokina duk da hannuna na fara saka su a ruwa. Haɗurran da muke gani, har da na Warra a watan Mayun 2021 a nan tafkin Kainji, kusan duk hanyarsu ɗaya ce: jirgin haya mai tsallaka ruwa, an cika shi da mutane da kaya, babu rigar kariya ko ɗaya. Wannan daban yake da jirgin da mutum ya ɗauka shi da iyalinsa kaɗai, ana tuƙa shi da filafili a inda ake hango ƙafar mutumin da ke tsaye a gaɓa. To amma bambancin ba ya tabbata sai an yi magana da mai jirgi tun a tudu, an gama ta, kafin a taka jirgin.

Malam, kada ka fara zuwa da yaran. Ka je kai kaɗai mako guda kafin ranar, tunda daga Kano zuwa Tiga tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba ce. Ka nemi Sarkin Ruwa ko shugaban masuntan wurin, ka gaishe shi, ka tambaye shi wannan mutumin da aka haɗa ka da shi. Masunta sun san junansu, sun san wanda yake da natsuwa da wanda yake son burge baƙi. Sannan ka ga jirgin da idonka: idan ka tarar da ruwa kwance a cikinsa da gwangwanin kwarfa a gefe wanda ya sha aiki, ka nemi wani. Jirgi mai faɗin ciki ya fi siririn da muke zuwa duba kalli, wato ragar kamun kifi, da shi, don siririn ko babba ya motsa sai ya karkata. Ka biya kuɗin jirgin gaba ɗaya, da sharaɗin ba za a ƙara kowa ba, ko ɗan'uwan mai jirgin ne, sai dai mataimaki guda wanda ya iya iyo, wanda aikinsa kallon yara kawai.

Ka kuma tambayi mai jirgin inda duwatsu da kututture suke. Mu a nan, tun da aka tare ruwa a 1968, itatuwan da ruwa ya cinye har yau wasu kututturansu suna nan a ƙasa suna fasa jirage. Tiga ma tun 1974 take, zamanin Audu Bako, kuma duk masuncin da ya daɗe a wurin zai iya nuna maka da yatsa inda ba a bi.

Game da lokaci, Disamba ba ita zan zaɓa ba. Hunturu yana sa ruwa ya yi sanyi, karfasa ta rage cin koto, iska kuma tana tashi da hantsi ta kaɗa ruwa, ga hazo. Yaro zai zauna yana rawar ɗari, ƙugiya shiru. Da za ka iya, ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ya fi, damina ta ɗauke, sanyi bai kankama ba. In kuwa dole sai Disamba, to ka zaɓi ranar da gari ya waye babu iska, kuma ka shirya wa zuciyarka cewa idan kuka isa mai jirgi ya ce yau ruwa ba kyau, gida za ku koma ko yaran sun yi kuka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Da yamma kuwa kada ku shiga ko kaɗan. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ma ta hana tafiyar dare a ruwa.

Awa uku ta yi yawa ƙwarai. Awa ɗaya ta ishi 'yar shekara 7, kuma gara ku fito suna roƙon a ƙara musu da ku fito sun gaji sun tsani abin. Kayan aiki kada su wuce sandar gora, zare, ƙaramar ƙugiya da guntun silifa wanda zai yi yawo a saman ruwa, domin nutsewar wannan guntun silifa ita ce duk daɗin fatsa a wurin yaro. Ka sa a matse ƙayar ƙugiyar da filaya, saboda in ta shiga yatsa ta fita da sauƙi. Tana ita ce koton da ya fi. Kada yara biyu su jefa a lokaci guda, kuma kada yaro ya cire kifi da kansa. Karfasa tana da ƙaya a gadon baya, tarwaɗa tana da ita a gefen wuya, kurungu kuwa ƙayarsa kamar zarto take, in ya kafe ta ba ta lanƙwasuwa, ko da yake kukan da yake yi in an fito da shi yana ba yara dariya. Minjirya in ta zo, a bar wa mai jirgi, jan wutarta ba wasa ba ne.

Autan ka bar shi tukuna. Ɗan shekara 4 ba ya zama wuri ɗaya, kuma da ya ga kifi zai miƙe ya leƙa.

Anti Nas, Bichi:

Baba Ɗan Sarkawa, Allah ya ƙara girma, ka gama magana a kan jirgi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da zan ƙara ya shafi bakin ruwan da Hajiya take ganin ya fi aminci. Ya fi aminci daga kifewa, amma a nan tsargiya take. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar ruwa mara zurfi, ta huda fata ta shiga jiki ba tare da yaro ya sha ruwan ba, kuma ta fi yawa a ruwa da tsakar rana. Sai bayan makonni da yawa a ga jini a ƙarshen fitsari, lokacin an manta da zancen fita. Har yau akwai masu ɗaukar wannan jini a matsayin alamar balaga ga yaro namiji, alhali cuta ce mai lalata mafitsara in ta daɗe. Saboda haka ko a gaɓa za su tsaya, a zaɓi kan dutse ko busasshen wuri, kada su tsoma ƙafa, kuma a ɗauke su a hannu a saka su a jirgi. In an ga alama daga baya, a je asibiti a yi gwajin fitsari. Maganinta praziquantel ne, ana ba da shi gwargwadon nauyin yaro.

Rigar kariya kuma dole ta zama ta yara. Ta manya in aka sa wa yaro, da ya faɗa ruwa rigar za ta taso sama shi ya zame ta ƙasa. Ka nemi mai maɗaurin da ke bi ta tsakanin cinyoyi, ka ɗaura masa a gida, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga. Idan ta haura kunnensa ta yi masa yawa. Kai ma ka sa taka, ka ɗaure ta tun a tudu. Yaron da ke nutsewa yawanci ba ya ihu, don haka ko autan da zai zauna a gaɓa sai an ware masa mutum guda da ba shi da wani aiki sai shi.

Baban Sadiku, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa uwargida amsoshinku jiya da daddare. Mun tsaya a kan cewa a Disamba za mu je mu yi fatsa daga kan dutse kawai, ita tana riƙe da autan, shiga jirgi kuma sai kaka mai zuwa, da manyan biyu, bayan ni da Sadiku mun fara koyon iyo. Asabar mai zuwa zan je Tiga ni kaɗai in gai da Sarkin Ruwa in ga jirgin. Anti Nas, nauyin babban kilo 29 ne, ƙanwarsa 21. Don Allah riga iri ɗaya za ta yi musu, ko kowa da tasa zan nema?