Me ya sa kwartanci yake zama abin dariya a tsofaffin fina-finan Faransa?

Ɗan Garwa: Jama'a salamu alaikum. Miji ya yi sakaci, mata ta bi kwarto, kishi ya tashi, a wajenmu wannan labarin kuka ne. Yaya Faransawa suke juya shi ya koma barkwanci?

Malamar Faransanci, Marwa: Wa alaikumus salam, malam. Fara da La Femme du boulanger na Marcel Pagnol, 1938. Mai gidan burodi (Raimu ne ya fito) hankalinsa duk yana kan kwaɓi da tanda, sai matarsa ta gudu da wani makiyayi. Pagnol bai bi masoyan da kyamara ba, ya tsaya kan mijin, wanda ya rantse ba zai ƙara gasa burodi ba sai ta dawo. Nan yunwa ta sa duk ƙauyen ya tafi biko, har limamin coci da malamin makaranta da ba sa ga-maciji. Da ta dawo bai yi mata faɗa ba. Kyanwar gidan, da ita ma ta dawo daga yawo, ita ya yi wa faɗa, matar tana zaune tana hawaye. Habaici ne tsagwaronsa, irin wanda kishiyoyi suka iya.

Baban Hajara, Ngaundere: Tsarin daga dandamalin marubucin wasan kwaikwayo Georges Feydeau ya zo: ɗaki ɗaya, ƙofofi da yawa, da wurin ɓuya. Ka'idar ita ce mai kallo ya riga miji sani. In aka ɓoye wa mai kallo sirrin, dariya ta mutu. Sannan kowace ƙarya sai ta haifi wadda ta fi ta. Inda ake kuskure shi ne a bar mai kishi ya yi ɓarna ta gaske. A La Règle du jeu na Jean Renoir, 1939, mai gadin daji ya hango mayafin matarsa a jikin wata, ya harbe mutumin da ba ruwansa da ita. Daga nan ba mai dariya.

Lauya, Injamena: Ku haɗa da doka. Kundin hukunci na Faransa na 1810 ya tanadar wa matar da aka kama ɗaurin wata 3 zuwa shekara 2. Miji kuwa tara kawai, ita ma sai in ya ajiye farkarsa a gidan aure. Sai 1975 aka daina ɗaukar abin a matsayin laifi. Shekara guda bayan haka Yves Robert ya fitar da Un éléphant ça trompe énormément, inda mijin ne mai leƙe-leƙe, ya ƙare a maƙale a wajen tagar bene da rigar wanka, jama'a sun taru a ƙasa suna kallonsa.